Nauyin Gwangwanin Madara

Ranar da akwatin kimiyya ya iso makarantarmu ni na fara ganinsa. Ina tsaye a bakin aji ina jiran yara su gama shara, sai ga farar motar ofishin ilmi ta shigo, aka sauke shi a gaban ofishin hedimasta. Akwatin katako ne mai koren fenti, da kwaɗo sabo fil. Tun kafin a buɗe na san abin da ke ciki, domin na ga irinsa a sakandare. A duk makarantar nan ta Sabon Gari ni kaɗai ce na taɓa sa ƙafa a ɗakin gwaje-gwaje, kuma kowa ya san haka, don ban bar kowa ya manta ba.

Shekarun nan ne da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga makaranta. Ajujuwa suna ta tashi, kwanon rufi yana ƙyalli har ya kashe ido, tifofi suna jidar yashi daga kogi zuwa Kano tun safe har yamma. Malamai suka yi kaɗan, aka tattaro duk wanda ya iya riƙe alli. Ni na gama sakandare ina zaune a gida, aka ba ni aji biyar A. Aji biyar B yana hannun wata mata 'yar Lajawa, ta girme ni da kamar shekara shida, kullum da goyonta. Firamare ta gama, ta yi wani ɗan kwas na watanni, shi ke nan iliminta. Bangon bulo ɗaya ya raba ajina da nata, kuma magina ba su kai shi rufi ba. Duk dariyar da aka yi a can sai ta tsallako ta faɗo a kaina. Kuma ana dariya a ajin nan fiye da kima. A nawa ajin ana jin ƙarar alli.

Hedimasta ya tara mu ya buɗe akwatin. Ga maganaɗisu guda biyu, ga gilashin da ke ƙara girman abu, ga kwalbar awo mai layi-layi, ga ruloli, ga sikeli mai ƙugiya guda ɗaya a kwance cikin takarda. Ni na riƙa faɗin sunan kowane abu tun kafin ya gama ɗagowa. Da aka ƙare ya rufe, ya danna kwaɗo, ya miƙa hannu da makullin. Wallahi na riga na ɗago nawa hannun. Sai ya wuce ni ya ba ta.

"Ke ce babba," in ji shi, "kuma ba ki yar da abu."

Ta karɓa da hannu biyu ta ƙulle a haɓar zanenta, wuri ɗaya da goronta. Makullin akwatin kimiyya, da goro. Na koma aji na ba yara aikin lissafi mai wuya don kawai in sami shiru.

Da a nan abin ya tsaya da na haɗiye. Amma bayan kwana biyu hedimasta ya sake kiran mu, mu biyu kaɗai, ya karanta mana takarda. Ofishin ilmi zai tura malami ɗaya daga makarantarmu kwas na shekara guda a Kano, na koyar da kimiyya. Sufeto zai zo nan da sati biyu ya ga kowacce ta koyar da darasi iri ɗaya, sa'an nan ya zaɓa.

Sai na bayyana abin da wannan yake nufi a wurina. Babana ya riga ya yanke magana tun da na dawo daga sakandare: karatu ya isa haka, sai fa idan gwamnati ce da kanta ta kira ni. Ba zai hana gwamnati ba, amma ba zai bar ni in je neman makaranta da ƙafata ba. Wannan takarda ita ce kiran gwamnati. Kujera ɗaya ce, kuma ni a ganina sunana a rubuce yake a jikinta.

Darasin ba wani abin wahala ba ne. A sami abubuwa daban-daban, a auni kowanne da ma'auni ɗaya, a rataya a sikeli, yara su gani da idonsu cewa girma ɗaya ba ya nufin nauyi ɗaya. Muka sa yara suka kawo gwangwanayen madara, aka huda kowanne aka yi masa mariƙi da waya. Aka kawo yashin kogi busasshe, gishiri, gero, dusa da auduga. Na je na roƙi makulli, abin da ya tsaya mini a wuya ke nan, ta kwance ta ba ni tana cewa, "Ƙanwata, ai naki ne, ni ajiya kawai aka ba ni."

Na raba yara rukuni shida. Na ce kowane rukuni ya cika gwangwaninsa da gero ya zo ya rataya ya karanta, ni kuma ina rubutawa a allo. Rukuni na farko suka ce giram ɗari da sittin. Na biyu suka ce ɗari da tamanin da biyar. Na uku ɗari da saba'in. Babu biyu da suka zo ɗaya. Na ce a sake. Aka sake, lambobi suka sake watsewa, wanda ya fi kowa ɗazu yanzu shi ne na ƙasa. Da aka zo kan dusa abin ya zama hauka, har wani rukuni ya kusa ninka wani. Na ce ba su iya karanta lamba ba. Na karɓi sikelin na karanta da kaina, bai gyaru ba. Na yi faɗa har muryata ta dishe, wata yarinya ta fara kuka, gero ya zube a ƙasa. Daga bayan bango kuwa ana ta tafi.

Ana fita hutun ƙarfe tara na ɗauki sikelin na shiga ajinta ba sallamar kirki.

"Malama, wa ya ja sikelin nan?"

Tana zaune tana shayar da 'yarta. "Lafiya, 'yar sakandare?"

"Ba lafiya ba. An lalata shi. Ko yara sun yi lilo da shi, ko kin bar jaririyar nan ta yi wasa da shi. Abu ɗaya ana rataya masa yana ba da amsa shida."

Wata malama da ke wucewa ta tsaya a taga don ta ji yadda za a ƙare. Ni ma faɗa nake so. Da malamar B ta tanka mini da zafi da na ji daɗi. Sai ta yi dariya, ta gyara goyo, ta leƙa waje ta kira 'yan mata uku daga ajina.

Ta shimfiɗa faifai uku. Ta ba ta farko gwangwani ta ce, "Auna mini gero gwangwani ɗaya." Yarinya ta cusa gwangwani, ta ɗago a hankali, ta ɗan karkata shi har tozon ya zube saura kaɗan, ta juye a faifai. Ta biyu ta ɗebo, ta tara masa tozo kamar na raƙumi, ta kare gefen da tafin hannu kada ƙwaya ta faɗi, ta juye har da na hannun. Ta uku ta auna daidai wa daida, ta juye, sa'an nan ba tare da ta ko duba ba ta ɗebi kaɗan da yatsu uku ta watsa a kai.

"Me kika ƙara?" in ji malamar B.

"Gyara, Malama."

"Wa ya ce ki ƙara?"

"Ai ba a ba mutum awo ba gyara."

Malamar ta juyo wurina. "Kin gani? Wannan uwarta sayarwa take yi, hannunta ya koyi tsimi. Wannan ita ake aike kasuwa, an koya mata kada a cuce ta. Wannan kuwa talla take yi, in ba ta yi gyara ba gobe ba mai kiran ta. Sikelinki lafiyarsa ƙalau, ƙanwata. Hannu shida kika auna."

Ashe baban malamar ma'aunin hatsi ne, a gefen tabarmarsa ta girma ranar kasuwa, tana iya gane gidan da yarinya ta fito daga yadda take riƙe kwano. Ni kuwa ina tsaye ina kallon tozon nan tun safe ban gan shi ba. Ta yaya zan gan shi? Tun da aka haife ni cikakken kwano mai tozo ne. A sakandare ruwa muke aunawa a kwalba, ruwa ba ya tozo, kuma ba wanda ya taɓa kawo mana gero.

Ta janyo wani guntun kara daga aljihun tebur, miƙaƙƙe, an fere shi sumul. Ta cika gwangwani ta bi bakinsa da karan sau ɗaya, shar, saman ya kwanta kamar an daɓe.

"Ni na ce musu ranar kimiyya awon marowata muke yi," ta ce. Ta ɗaga murya: "'Yan B, yaya awon marowata?"

Daga waje, da bakinsu cike da ƙosai, suka amsa gaba ɗaya: "Ba tozo, ba hannu, ba gyara!"

Malamar da ke taga ta kwashe da dariya. Aka rataya gwangwani uku ɗaya bayan ɗaya, allurar sikeli ta tsaya wuri ɗaya sau uku. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi a fuska. Shekara biyar ina karatu a makarantar kwana, ga mai goro a haɓar zane ta warware mini kimiyya da karan dawa.

Na juya zan fita, sai idona ya faɗa kan allonta. Ta ja layuka tsaf, ta jera abubuwan daga mai nauyi zuwa marar nauyi. Yashi a sama. A can ƙasa an rubuta auduga, giram arba'in.

Na tsaya. Audugar da za ta cika gwangwanin madara ba za ta kai giram arba'in ba ko an danna ta da ƙafa. Na dubi sauran lambobin, na dubi gwangwanin da ke lilo a ƙugiya da wayarsa. Nan take na gane. Ba ta auna gwangwanin shi kaɗai ba. Duk lambar da ke allon nan har da nauyin ƙarfen a ciki. A kan yashi abin ba ya nunawa sosai, amma a kan auduga kusan duk gwangwani ne. Wannan shi ne abu na farko da aka dasa mana a ka a sakandare: kafin ki zuba komai, auna abin zubawar. Kuma an ce sufeton da zai zo tsohon malamin kimiyya ne, ba zai wuce wannan allo bai gani ba.

Ni ma a ajina ban cire ba da safen, ruɗani bai bar ni na kai wurin ba. Amma ni na sani, ita ba ta sani ba.

"Akwai wani abu?" ta tambaya.

"Babu," na ce. Na fita.

Kwana goma sha ɗaya na riƙe maganar nan a cikina. Ni da ba na iya riƙe magana daga ɗaki zuwa tsakar gida. Na shirya abina sarai. Idan na koya wa yarana cire gwangwani tun yanzu, kafin azahar 'yan B sun ji, don tare suke zuwa rafi, tare suke talla. Saboda haka ba zan koya musu ba. Za mu yi ta bita da gwangwani a ciki kamar kowa, sai ranar da sufeto ya zauna sa'an nan in fito da shi. Shi zai ga wadda ta san kimiyya da wadda ta san kasuwa.

Da ta bar ni da ƙiyayyata da abin ya zo mini da sauƙi. Ba ta bari ba. Washegari na tarar da kara shida a kan teburina, an fere su an ɗaure da zare. Ranar Alhamis ta ba ni makulli ta ce in riƙe har Litinin. Ta nuna mini yadda yaranta suke jan maganaɗisu cikin yashin kogi, baƙin gari yana manne masa kamar gemu, ta ce in gwada, yara suna so. Na gwada, suka so, na ji haushi. Ta sa yaranta sun jera dutse, ƙusa, katangar tukunya da sabulu suna karce ɗaya da ɗaya don su ga wanne ya fi tauri, abin da ke shafi na gaba a littafi, wanda ni ko kaiwa ban yi ba. Ina jin su ta saman bango suna gardama a kan ko ƙusa za ta ci dutse. Yarana suna karkata kai wajen bangon, ina buga tebur.

A gida da rana tsaka Inna tana auna shinkafar abincin dare, na tsaya a kanta na ce tozon da take yi ba daidai ba ne, kullum awonta daban. Ta ɗago ta dube ni.

"Shekara talatin ina ciyar da gidan nan da awon da ba daidai ba," ta ce. "Ke wa ya taɓa ki a makaranta?"

"Ba kowa."

"To tashi mini daga kan shinkafa."

Saura kwana huɗu sufeto ya zo, bayan an tashi, malamar ta kira ni ajinta. Ta sake rubuta allonta da kyau, da alli mai launi. Ta tsaya gefe tana goge hannu a zane, kuma a karo na farko na ga tsoro a fuskarta.

"Ƙanwata, don Allah duba mini. Kin san ni Turancin nan da lambobin nan ba su zauna mini ba. In akwai kuskure ki faɗa, kada in ji kunya gaban baƙo."

Na dubi allon daga sama har ƙasa. Auduga, giram arba'in, da jan alli. Maganar ta taso har bakina, na ji ta a kan harshe. Na ɗauki alli na gyara mata harafi ɗaya a wata kalma, na ce, "Shi ke nan. Sauran daidai ne."

"Allah ya yi miki albarka," ta ce. "In ke aka ɗauka ma ai gida bai yi asara ba."

Na so ta daina irin wannan magana. Har na isa gida ina jin haushinta saboda ta sa na yi ƙarya.

Sufeto ya zo ranar Talata da safe a kan babur, dattijo siriri mai tabarau, da littafi a aljihun gaba. Bayan doguwar gaisuwa da hedimasta ya ce, "To, mu bi tsari. A kafin B." Na ji daɗi. Na ce a raina zan fara, in kafa masa ma'aunin da zai auna ta da shi.

Farkon darasin ya tafi kamar ruwa. Yara suka cika, suka shafe da kara, suka rataya, lambobi suka zo ɗaya. Sufeto ya ɗauki karan ya jujjuya, ya gyaɗa kai, ya rubuta wani abu. Bai tambayi inda na samo ba, ni ma ban faɗa ba. Sa'an nan na gyara tsayuwa na fito da abin da na ɓoye. Na rataya gwangwani babu komai a ciki. Allura ta sauka giram talatin. Na ce, "Wannan nauyin gwangwani ne. Yanzu kowane rukuni ya cire talatin daga amsarsa."

Kusan sati biyu ina sa su haddace cewa auduga arba'in ce, na ma taɓa fitar da wata waje saboda ta ce talatin da biyar. Yanzu ga ni gaban baƙo ina cewa ba haka ba ne. Suka dubi juna. Na nuna wata mai ƙoƙari na ce ta faɗi nauyin auduga.

"Arba'in, Malama."

"Ki cire gwangwanin."

Yarinyar ta zo ta sa hannu ta cire gwangwanin daga ƙugiya ta ajiye a tebur, ta koma ta zauna. Wasu suka fara dariya a ɓoye. Na kira wata, ta ce saba'in, ta haɗa maimakon ta cire. Na kira ta uku, ta tashi ta tsaya tana kallon ƙasa. A nan haƙurina ya ƙare, kuma dama ba shi da yawa.

"Nauyin gwangwanin za ku cire! Gwangwani shi kaɗai talatin ne! Arba'in ɗin nan ba auduga ba ce duka, har da ƙarfe a ciki! Sau nawa zan faɗa? A auna gwangwani tukuna, a cire shi!"

Na faɗa ya kai sau biyar, kowanne ya fi na baya ƙarfi. Sai da na tsaya shan iska na lura da wani abu. Bayan bango babu motsi. Ajin da ba ya taɓa shiru ya yi shiru kamar masallaci. Na ɗaga kai na dubi ratar da ke tsakanin bulo da kwano. Na lissafa yara, na lissafa rafi da talla, na lissafa komai, na manta da bangon da nake zagi kullum.

Na ƙarasa darasin ni kaɗai, ina cirewa a allo yara suna kwafa. Amsoshina duk daidai ne. Sufeto ya ce, "Madalla, Malama," ya rufe littafinsa.

Hedimasta ya ce in zo in zauna a bayan ajin B in gani, tun da na gama. Ban so ba, amma ƙin zuwa ya fi muni. Allonta yana nan yadda na bar shi, ba ta goge komai ba, ga jan arba'in ɗin nan. Ta gaishe da baƙo, ta juya wurin yara.

"'Yan B, malamarku ta yi kuskure, sati biyu muna cikinsa. Yanzu ƙanwata ta koya mini ta saman bango." Ta nuna ni da hannu, yara suka waiwayo. "Wa babansa yake kai auduga awo?"

Hannuwa suka tashi, 'yan ƙauyen Ɗankaza da na ƙauyukan gefen har da miƙewa.

"In an ɗora a sikeli, buhu ake saye ko auduga?"

"Auduga!"

"To buhun fa?"

"Ana cire masa nasa!" in ji wata daga baya. "Babana kullum sai ya yi musu an cire da yawa!"

Aji ya kece da dariya, har sufeto ya cire tabarau yana goge ido. Ta ɗaga gwangwani. "Wannan shi ne buhunmu. Mun manta da shi. Wa zai zo ya gaya mana nawa ne nasa?"

Suka yi rige-rige. Cikin ɗan lokaci suka auna, suka cire, suka goge lambobinta da hannunsu suka rubuta sababbi. Da auduga ta sauko goma wata yarinya ta dafe kai ta ce, "Kai, Malama, ashe duk gwangwani muke ta aunawa!" Abin da na ɓoye kwana goma sha ɗaya kamar zinariya, ta ji shi ta rata, ta juya shi ya zama nata kafin a buga ƙararrawa. Ina zaune a bencin yara gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata, ina kallon alƙalamin sufeto yana gudu.

Bayan ya tafi muka haɗu wurin akwatin, tana mayar da sikeli cikin takardarsa. Ba kowa sai mu. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ranar da na ce ki duba mini allo, kin gani ko?"

"Na gani."

"Tun ranar gero?"

"Tun ranar."

Ta naɗe takardar, ta rufe akwatin, ta danna kwaɗo. "To," ta ce. Ta saɓa 'yarta ta fita. Daga ranar ba ta sake ce mini ƙanwata ba, Malama take ce mini, da ladabi ƙwarai. Ban zaci zan lura ba, amma na lura.

Takarda ta zo bayan sati uku. Ita aka ɗauka. Hedimasta ya karanta mini nawa bayanin a ofis: malama ta san darasinta sosai, tana bukatar haƙuri da yara. Na ce masa na ji. Da na gaya wa babana ya ce, "Gwamnati ba ta kira ba ke nan," ya ci gaba da alwalarsa.

Ranar da za ta tafi ta shigo ajina da sabon mayafi, mijinta yana jira a bakin titi da akwatin kayanta. Ta kwance haɓar zane ta ajiye makullin a teburina. Yana warin goro. Aka haɗa mini A da B wuri ɗaya saboda babu wani malami, yara saba'in da wani abu, wasu a kan benci wasu a ƙasa.

Mutane suna so in ce na yi nadama na zama wata daban. Na ji kunya, wannan gaskiya ne. Amma duk ranar da na hau gadar kogi na ga motocin Kano suna wucewa, abin da nake ji ba kunya ba ce. Ina tuna tana can zaune a kujerar da na sa wa rai, tana taɓa kwalaben da na san sunansu tun ita ba ta san akwai su ba, kuma na tabbata malaman can ma suna dariya a ajin da take.

Da zangon karatu ya zagayo na sake yin darasin, da gawayi da ƙasar tukwane a wannan karon. Ban ɗaga murya ba. Na ajiye gwangwani da kara a tebur na tambaya me za mu fara yi. Wata 'yar ajina ta asali, wadda ta cire gwangwani daga ƙugiya ranar sufeto, ta ɗaga hannu ta ce a fara auna gwangwani shi kaɗai, kamar buhun auduga.

Na ce, "Daidai. Wa ya koya miki?"

"Malamar da ta tafi Kano," in ji ta.

Duk ajin suka gyaɗa kai. Na miƙa mata gwangwanin na ce ta zo ta rataya.